Rambus

Rambus kamfani ne na Amurka mai zana fasahar ƙwaƙwalwar ajiya ta kwamfuta, hedikwatarsa na San Jose a jihar Kalifoniya. Mike Farmwald da Mark Horowitz suka kafa shi a 1990, ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a 1997. Ba shi da masana'anta tasa. Zane yake yi, ya yi rajistar haƙƙin mallakarsa, masu ƙera kaya su biya kuɗin lasisi.

Fasaharsa ta RDRAM, wani nau'in ƙwaƙwalwar ajiya mai sauri, ta shiga na'urorin wasa na Nintendo 64 da PlayStation 2, Intel ma ya rungume ta. Sai dai tsada ta kayar da ita, kasuwa ta koma wa wani nau'in mai araha, DDR.

Daga nan rigima ta tashi. Rambus ya zauna a JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin bai ɗaya na masana'antar, har ya fice a 1996. A 2000 ya fara neman kuɗi daga masu ƙera ƙwaƙwalwar ajiya nau'in SDRAM da DDR da aka gina kan ƙa'idojin JEDEC, yana cewa fasaharsa ce a ciki. Abokan hamayya suka ce ya yi gum a taro, ya bari kowa ya zuba jari kan ƙa'idar, sannan ya fito da takardun haƙƙin mallakarsa. A 2001 wata kotu a Bajiniya ta same shi da zamba a shari'arsa da kamfanin Infineon mai ƙera ƙwaƙwalwar ajiya, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2003. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ta tuhume shi a 2002, ita ma ta sha kaye a 2008.

Abin da ya fi zubar masa da ƙima shi ne ranakun da ya ware a 1998 da 1999 don yayyaga takardun ofis, alhali shari'a na tafe; kotu ta ɗauki hakan a matsayin lalata hujja. A Nuwamban 2011 ya faɗi ƙarar kusan dala biliyan 4 da ya shigar kan kamfanonin ƙera ƙwaƙwalwar ajiya Micron da Hynix, hannun jarinsa ya zube da fiye da rabi a yini ɗaya.

Duk da haka sulhu ya kawo masa kuɗi: Samsung ya amince da kusan dala miliyan 900 a 2010, SK Hynix (sabon sunan Hynix) da Micron suka bi sahu a 2013. Yanzu Rambus na sayar da ƙananan guntayen lantarki da ke daidaita aikin ƙwaƙwalwar ajiya ta DDR5, sabon samfurin DDR, a manyan kwamfutocin cibiyoyin adana bayanai.