Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Kamfanin France Télécom Ya Ƙuntata wa Ma'aikatansa

Ƙorafin ma'aikata a kan shugabanninsu ya kan ƙare ne a bakin ƙofar ofis, ko kuma a takardar ajiye aiki. Abin da ya faru a kamfanin sadarwa na France Télécom a ƙasar Faransa ya wuce nan, domin sai da ya kai shugabannin kamfanin gaban alƙali.

Wane kamfani ne wannan, kuma me ya jefa shi cikin matsi?

Asalinsa hukumar wayar tarho ce ta gwamnatin Faransa, kuma shi ne ya koma amsa sunan Orange a 2013, sunan da mutanen Kamaru suka sani a layukan wayarsu, kamar yadda mutanen Nijar ma suka san shi a da. A 2002 bashin da ke wuyansa ya kusa euro biliyan 70, sannan a 2004 hannun jarin gwamnati ya koma ƙasa da rabi, ga kuma sababbin kamfanoni da suka shigo kasuwa da farashi mai rahusa. Didier Lombard, wanda ya karɓi shugabanci a 2005, ya zo da wani shiri mai suna NExT, wanda a ƙarƙashinsa aka ƙudurta rage ma'aikata 22,000 cikin shekaru uku, tare da sauya wa wasu 10,000 wurin aiki.

Me ya hana a sallame su kai tsaye, a biya su haƙƙinsu?

Nan ne gizo ke saƙar. Akasarin ma'aikatan an ɗauke su ne tun kamfanin yana hannun gwamnati, saboda haka doka ta ba su kariyar ma'aikacin gwamnati, wanda ba a korarsa don kawai ana son rage kashe kuɗi. Da korar ta gagara, sai aka koma ga sa mutum ya gaji ya tafi da ƙafarsa. A watan Oktoba na 2006 Lombard ya faɗa wa taron manyan manajoji cewa zai tabbatar mutanen sun fita ko ta halin ƙaƙa, ko ta taga ko ta ƙofa.

Abin da ya biyo baya shi ne kora da hali. Ana ɗaukar injiniyan da ya shekara ashirin yana gyaran layuka a zaunar da shi yana amsa kiran abokan ciniki ko yana tallar waya. Ana tura magidanci wani gari mai nisa da iyalinsa, kafin ya zauna da gindinsa a sake ɗaga shi. Wani kuma a bar shi da tebur babu aikin yi, ana ta aiko masa da sanarwar guraben aiki a wasu wurare. Abin da ya fi muni, a ganina, shi ne yadda aka ɗaura wani ɓangare na ladan manajoji a kan yawan mutanen da suka bar sashensu, ta yadda wanda ya kamata ya zama garkuwar na ƙasa da shi ya koma mai cin riba da tafiyarsu.

Yaushe lamarin ya fito fili?

Tsakanin 2008 da 2009 ma'aikata 35 suka kashe kansu, kuma wasu daga cikinsu sun bar wasiƙu suna ɗora alhakin a kan wurin aikinsu. Wani ma'aikaci a birnin Marsai ya rubuta a watan Yuli na 2009 cewa ana tafiyar da su ne ta hanyar tsoratarwa. Ana cikin wannan jimami Lombard ya kira abin da ke faruwa da sunan yayi, kalmar da ta harzuƙa jama'a, har ya nemi afuwa daga baya. Ƙungiyar ƙwadago ta SUD ta shigar da ƙara, kuma a 2010 Stéphane Richard ya karɓi ragamar gudanar da kamfanin.

Ba za a iya cewa laifin wasu tsirarun manajoji ne marasa tausayi ba?

Kusan haka shugabannin suka kare kansu. Sun ce kamfanin yana bakin rugujewa ne suka ceto shi, kuma su ba su ma san mutanen da abin ya shafa ba, balle su muzguna musu. Gaskiya ne kamfanin yana cikin matsi, kuma kotu ba ta ce rage ma'aikata laifi ba ne. Abin da ta kama su da shi shi ne hanyar da suka zaɓa, wato tsara manufar da tun daga sama aka san za ta dagula yanayin aiki don mutane su gudu. Wanda ya yanke adadin, ya sa wa'adi, ya kuma saka wa mai cika adadin da kuɗi, ba zai ce hannunsa tsarkakakke ne ba don kawai wani ne ya isar da saƙon.

Wane hukunci aka yanke?

Kotun Faris ta duba lamarin ma'aikata 39, waɗanda 19 daga cikinsu suka kashe kansu. Ranar 20 ga Disamba, 2019, ta sami Lombard da mataimakinsa Louis-Pierre Wenès da shugaban sashen kula da ma'aikata Olivier Barberot da laifin muzgunawa ta hanyar tsarin kamfani. Kowannensu ya sami ɗaurin shekara ɗaya, aka jingine wata takwas daga ciki, da tarar euro 15,000. Kamfanin kuma aka ci shi tarar euro 75,000, wanda shi ne iyakar abin da doka ta tanada a lokacin da aka aikata laifin.

Wannan hukunci bai yi sauƙi ba kuwa?

Ya yi, musamman idan aka auna tarar da girman kamfanin da ke juya biliyoyin euro a shekara, kuma da Lombard da Wenès suka ɗaukaka ƙara, a 2022 aka jingine ɗaurin nasu gaba ɗaya. Sai dai kotun ɗaukaka ƙarar ba ta wanke su ba. Da suka garzaya kotun ƙoli, a watan Janairu na 2025 ita ma ta tabbatar da laifin, ta kuma amince cewa a dokar Faransa ana iya hukunta shugaban kamfani a kan manufar da ta ƙuntata wa ma'aikata baki ɗaya, ko da bai taɓa haɗa ido da ko ɗaya daga cikinsu ba.