Haɗa sashen wuta na amfilifayar da aka ƙera a gida

Sashen wuta shi ne ɓangaren amfilifaya da ke karɓar wutar soket, wato AC mai 230V ko 120V gwargwadon ƙasa, ya rage ƙarfinta, ya mayar da ita DC, wato wutar da ke tafiya hanya ɗaya irin ta batir, wadda IC ɗin sauti, ɗan guntun da ke ƙara ƙarfin sauti, zai yi aiki da ita. A haɗin farko, yawancin laifin da ake ɗora wa IC, kamar gurnani a lasifika, zafi ko yawan ƙonewar fiyus, daga nan yake tasowa.

Kayan da lissafinsu

Kayan ba su da yawa: taransifoma, gadar diyod huɗu mai mayar da AC zuwa DC, manyan kafasita biyu, fiyus da makunni. IC irin LM1875 da TDA2030 an fi haɗa su da wuta mai ɓangare biyu, + da −, sifili a tsakiya, don haka ake neman taransifoma mai waya uku a wajen fita, misali 18-0-18, wato 18V a kowace wayar gefe idan an auna daga ta tsakiya.

Lambar da ke jikin taransifoma ba ita ce za ta isa IC ba. Bayan diyod da kafasita, ana ninka ta da 1.414 a cire kusan 1V. Ke nan 18-0-18 zai ba da kusan ±24.5V, ya ɗan haura haka idan ba a jan wuta daga gare shi. LM1875 yana jure har ±30V, don haka ya dace da shi. TDA2030 kuwa iyakarsa ±18V ce. 12-0-12 ake sa masa, wanda ke ba da kusan ±16V, shi ma yana gab da iyaka. Mai ganin "18" a jikin taransifoma ya ɗauka daidai ne da TDA2030, IC zai rasa.

Girman kafasita shi ke rage rawar da ke saura a cikin DC. A wutar 50Hz, idan ana jan 1A, kafasita mai 4,700µF na barin rawar kusan 2V, mai 10,000µF kuma kusan 1V. Ga layin 25V, a sa mai jure 35V.

Jeren waya

Wayoyi biyu na gefen taransifoma suna zuwa ƙafafun gada masu alamar ~. Ƙafar + ta gada tana zuwa ƙafar + ta kafasita na farko, ƙafar − ta gada tana zuwa ƙafar − ta na biyu. Ƙafafu biyun da suka rage ana haɗe su, nan ne sifili, nan kuma wayar tsakiyar taransifoma ke sauka. A lura, a kafasita na biyu ƙafar + ce ke kan sifili. Masu koyo na yawan juya shi, kuma kafasitar da aka juya tana kumbura, wani lokaci ta fashe.

Inda ake ɗaukar sifili

Nan ne aikin yake. Kafasita ba sa cika a hankali. Suna zuƙar wuta ne a ƙololuwar kowace igiya, sau 100 a daƙiƙa a wutar 50Hz, da ƙarfin da ya ninka abin da amfilifaya ke ja sau da yawa. Wannan bugu yana bi ta wayar tsakiya zuwa mahaɗar kafasita. Duk wayar sauti da aka jona a kan wannan hanya za ta kwashi bugun, amfilifaya ta ƙara shi, ya fito a lasifika kamar ƙugin ƙudan zuma.

Maganinsa: wayar tsakiya ta tafi kai tsaye mahaɗar kafasita, ita kaɗai. Daga mahaɗar a fitar da gajeriyar waya mai kauri zuwa wuri guda, sannan sifilin allon IC, na lasifika da na shigar sauti kowanne ya zo wurin da tasa wayar. Jikin akwatin ƙarfe sau ɗaya ake haɗa shi da sifili, soket ɗin shigar sauti kuma kada ƙarfensu ya taɓa akwati. Wayoyin AC a murɗe su biyu-biyu, a nesanta su da na sauti. Kusa da ƙafafun IC a sa ƙananan kafasita na 100nF daga kowane layi zuwa sifili, suna hana shi kaɗawa da zafi ba dalili.

Kunne ma na taimakawa: gurnani mai laushi na 50Hz galibi daga maganaɗisun taransifoma ne ko sifilin da ya yi zobe, wato aka haɗa shi ta hanya fiye da ɗaya, ƙugi mai kaushi kuma daga bugun kafasita.

Ɓangaren wutar soket da gwajin farko

Waya mai wuta ta fara bi ta fiyus, sannan makunni, sannan taransifoma. Fiyus mai jinkirin tsinkewa ake sawa, domin taransifoma, musamman mai siffar zobe, yana fizgar wuta mai yawa lokacin kunnawa. Wayar ƙasa ta soket a ɗaure ta a jikin akwati da noti nata na kanta, duk mahaɗar wuta kuma a rufe ta da roba. Rasista 2.2kΩ mai 1W a kan kowane kafasita yana sauke cajin da ke saura bayan kashewa.

Kafin a jona allon IC, a kunna sashen wuta shi kaɗai ta cikin kwan fitila mai zare, na 60W, a jere da waya mai wuta. Idan ya yi haske ya dushe, lafiya; idan ya ci gaba da haske sosai, akwai inda waya ta haɗe. Sai a auna layukan biyu da mita, su zo kusan daidai. A LM1875 da TDA2030, ƙarfen bayan IC yana haɗe da layin −, don haka sai an sa takardar mika da wosha ta roba tsakaninsa da ƙarfen sanyaya kafin a ɗaure shi a akwati.