Saurin Sauyin Sinadarai

Saurin sauyin sinadarai shi ne yawan sinadarin da ke ƙarewa, ko wanda ke samuwa, a cikin wani ƙayyadadden lokaci yayin da sinadarai suka haɗu suka rikiɗe. Galibi ana auna shi da mol (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) a kowace lita a kowace daƙiƙa. Tazarar da ke tsakanin sauye-sauye mai faɗi ce ƙwarai: asid da alkali suna kashe juna cikin ƙiftawar ido, nono yakan kwana kafin ya yi tsami, ƙarfe kuwa sai ya shekara yana tsatsa.

Tarihi

Bajamushe Ludwig Wilhelmy ne ya fara auna wannan sauri da lissafi a 1850, lokacin da ya bi diddigin yadda sukari ke rabuwa a cikin asid. A 1864 Guldberg da Waage, 'yan ƙasar Norway, suka danganta saurin da yawan sinadarin da ke cikin haɗin. Van 't Hoff ya zurfafa binciken a 1884, sannan a 1889 Svante Arrhenius na ƙasar Sweden ya fito da lissafin da ya haɗa sauri da zafi, wanda har yau ake aiki da shi.

Tushen al'amarin

Sauyi ba ya faruwa sai ƙwayoyin sinadarai sun yi karo da juna, amma mafi yawan karon a banza yake tafiya. Karon da ke haifar da sauyi sai ya cika sharuɗɗa biyu: ƙwayoyin su fuskanci juna ta gefen da ya dace, kuma su zo da kuzarin da zai tsinke mahaɗinsu na da. Mafi ƙarancin wannan kuzari shi ake kira kuzarin tashi, ana rubuta shi Ea. Duk abin da ke ƙara sauri, ko dai yana ƙara yawan karo ne, ko yana ƙara kason ƙwayoyin da suka isa tsallake wannan katanga. Shi ya sa kananzir ke zaune da iska a cikin fitila ba ya kamawa sai an ƙyasta ashana.

Zafi

Zafi yana da babban tasiri, kuma a nan ɗalibai suka fi yin kuskure. Sukan ce zafi yana sa ƙwayoyi gudu, don haka karo ya yawaita. Gaskiya ne, sai dai ƙarin digiri 10 a zafin ɗaki bai ƙara yawan karo da ya kai kashi 2 cikin 100 ba. Abin da ke ninka saurin shi ne ƙaruwar ƙwayoyin da kuzarinsu ya haura Ea. Lissafin Arrhenius shi ne k = A·e^(−Ea/RT), inda k ke nuna saurin sauyin a wannan zafi, A ke nuna yawan karon da ya dace, e lamba ce da ta kusa 2.718, R take 8.314 jul a kowane mol a kowane kelbin, T kuma zafi ne a ma'aunin kelbin. Idan Ea ya kai kilojul 53 a kowane mol, ɗaga zafi daga kelbin 298 zuwa 308 yana ninka saurin sau biyu. Daga nan aka samo zancen nan cewa kowane digiri 10 yana ninka sauri, amma ba ƙa'ida ba ce: in Ea ya kai kilojul 100, ninkin ya kusa huɗu. Wanda ya sa digirin Selsiyos a madadin kelbin, ko ya bar Ea a kilojul alhali R tana jul, amsarsa ta lalace tun daga tushe.

Kauri da matsi

Idan sinadari ya yi kauri a cikin ruwa, ko aka matse iska a ƙaramin wuri, karo yana yawaita. Ana rubuta dangantakar haka: sauri = k[A]^m[B]^n, inda [A] da [B] suke kaurin sinadarai biyun da ke haɗuwa. Lambobin m da n su ne daraja, kuma gwaji kaɗai ke fitar da su, ba a karanto su daga daidaitaccen lissafin sauyin. Misali, a haɗuwar iskokin NO₂ da CO a zafin da bai kai digiri 225 na Selsiyos ba, ninka NO₂ sau biyu yana ninka sauri sau huɗu, ninka CO kuwa ba ya canza komai. Dalili shi ne sauyin mataki-mataki yake tafiya, kuma CO ba ta cikin matakin da ya fi jinkiri, wanda shi ke riƙe da linzamin sauran. A sauyi mai daraja ta ɗaya, wato wanda jimlar m da n ta zama 1, lokacin da rabin sinadari ke ƙarewa shi ne 0.693/k, komai yawan abin da aka fara da shi.

Faɗin fuska

Daskararren abu ta fuskarsa kawai ake cinsa, don haka gari ya fi dunƙule saurin sauyawa. Ƙurar fulawa da ta tashi a iska tana iya fashewa, kamar yadda ta faru a injin niƙa na Washburn a Minneapolis ta Amurka a 1878, inda mutum 18 suka rasu.

Katalis

Katalis sinadari ne da ke buɗe wata hanya mai ƙarancin kuzarin tashi, kuma ba ya ƙarewa a cikin aikin. Berzelius ne ya raɗa wa wannan aiki suna a 1835. Ba ya ƙara yawan abin da za a samu a ƙarshe, yana gaggauta isa wurin ne. A tsarin Haber da Bosch na haɗa amoniya, wanda masana'antun takin yuriya na Eleme da Lekki a Najeriya suka dogara da shi, ana amfani da ƙarfe a zafin digiri 400 zuwa 500 da matsin da ya ninka na iska sau 150 ko fiye. Ƙarancin zafi zai ba da amoniya mai yawa, amma a hankali ƙwarai, shi ya sa aka tsaya tsaka-tsaki. Farar wuta tana kashe wannan katalis, don haka ake tace ta daga iskar gas tun farko, kamar yadda dalma ke kashe filatinam da ke cikin matatar hayaƙin mota. Enzayim katalis ne na jikin mai rai, kuma shi zafi mai yawa lalata shi yake yi. Ɗanyar hanta tana sa haidirojin ferokzayid kumfa nan take saboda enzayim ɗin da ke cikinta, dafaffiya kuwa ba ta motsa shi.

Yadda ake aunawa

A ɗakin gwaji na sakandare an fi yin gwajin sodiyam tiyosalfet. Ana zuba mililita 50 na ruwansa a kwalbar gilashi, a ɗora ta a kan takarda mai alamar X, a ƙara mililita 5 na asid haidirokulorik, a danna agogo. Farar wuta tana fita ta gurɓata ruwan, a tsayar da agogo da zarar alamar ta ɓace. Ɗaya bisa lokacin shi ne ma'aunin sauri. Idan za a rage kauri, sai a cike gurbin da ruwa domin jimlar ruwan tiyosalfet ɗin ta zauna a mililita 50, in ba haka ba zurfin ruwan ya canza, alamar kuma ta ɓace a lokacin da bai dace ba. Mutum ɗaya ya kamata ya riƙa dubawa, da kwalba iri ɗaya, a wanke ta nan da nan kafin farar wuta ta manne. Gwajin yana fitar da iskar SO₂ mai shaƙe numfashi, musamman ga masu asma, don haka a buɗe tagogi kuma kada a ɗumama ruwan ya wuce digiri 55.

Hanya ta biyu ita ce a zuba gutsattsarin marmara a asid haidirokulorik a kan sikeli, a toshe bakin kwalbar da auduga, a riƙa rubuta nauyi duk daƙiƙa 30. Kowane giram 100 na marmara yana sakin giram 44 na CO₂. Audugar tana hana ruwa fantsama, wanda zai ƙara ragin nauyi na ƙarya. Kada a yi amfani da asid salfurik a nan, domin kalsiyam salfet da ke samuwa ba ya narkewa sosai, sai ya lulluɓe dutsen, sauyin ya tsaya alhali asid da marmara duk ba su ƙare ba.