Koyar da ilimin daji a jami'a: tambayoyin da ƙannena ke yi mini tun da bak ta fito

Tun da sakamakon bak, wato jarrabawar ƙarshen sakandare, ya fito ban huta ba, yaran unguwa da ɗiyan ƴan uwa sai zuwa suke, wasu a waya wasu har gida bayan magariba, don sun san na daɗe cikin harkar icce da daji kuma ina ɗaukar wasu awoyi ina koyarwa. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda in amsa, wanda ya karanta ya tura ma na kusa da shi.

Yaya, wai malamin daji na jami'a da ɗan gandun daji mai kaki ba abu ɗaya ba ne?

A'a ƙanena, gida ɗaya ne amma ɗaki daban. Ɗan gandun daji ma'aikacin gwamnati ne mai kaki, shi ke tsaron daji, ya ba da takardar saran icce, ya kama wanda ya karya doka. Da yawansu a makarantar IPDR ta Kollo suka yi karatu, manyansu kuma injiniyoyi ne da suka fito daga jami'a. Shi kuwa malamin jami'a ba shi da kaki ba shi kama kowa, aikinsa biyu ne, ya koyar kuma ya yi bincike, kuma in ka bi salsala za ka tarar shi ne ya koyar da injiniyan da ke ba mai kakin umarni.

To me ake koyarwa har shekara da shekaru, ba dasa icce ba ne kawai?

Wannan tambayar ita ta fi ci mini rai, don ranar 3 ga Agusta kawai mutane ke tunawa da mu, a dasa icce a ɗauki hoto a watse. Dasawa ita ce mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ake koyarwa shi ne me ya sa wanda aka dasa ya mutu kafin bazara ta wuce, wanda kuma ya tsiro da kansa ya rayu ba wanda ya ba shi ruwa.

Da farko akwai sanin itatuwan kansu, kowane da sunansa na kimiyya da danginsa, gawo shi ne Faidherbia albida, aduwa Balanites aegyptiaca, sabara Guiera senegalensis, haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana tsinko ganye da fure kana matsewa cikin takarda ya bushe ka ajiye. Sai awo. Ana yanka fili misali mita 50 kan mita 50, a ƙirga duk iccen da ke ciki har da ƴan toho, a auna kaurin kowane a daidai mita 1 da santimita 30 daga ƙasa, a auna tsawonsa da faɗin inuwarsa, daga nan ne ake lissafa nawa ne a eka guda kuma dajin gaba yake yi ko baya. A nan ne masu gudun lissafi ke shan mamaki don ba makawa sai da shi. Akwai ilimin ƙasa, wace jigawa ce wace fadama ce wace ta zama fako har sai an haƙa mata ramuka masu siffar rabin wata kafin ta riƙe ruwa. Akwai renon iri, misali ƙwayar gawo da ta bagaruwa fatarsu tauri gare ta, in ba ka jiƙa su da ruwan zafi ko ka kankare bayansu ba sai ka yi ta jira ba su fito ba, alhali wadda ta bi ta cikin akuya ta fito cikin taki tsaf take tsira. Akwai taswira da GPS da hotunan tauraron ɗan adam a kwamfuta, akwai namun daji, akwai doka, dole ɗalibi ya san dokar daji ta 2004 kamar sunansa. Kai har zaman sulhu tsakanin manomi da makiyayi a kan sassaƙar gawo darasi ne.

Muse, ta ina ake bi har a kai ga koyarwa?

Bak ta kimiyya, D ko C. Sai lisansi shekara 3, masta shekara 2, doktora shekara 3 a takarda, amma ka sa ma ranka za ta iya wuce haka don bincike a kan icce ba ya sauri, wani awon sai ka jira damina biyu ko uku. Ba sai ka bar gida ba tun farko, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da ke nan Maradi, wadda aka kafa a 2010, tana da tsangayar aikin gona da kimiyyar muhalli. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ita ce uwa, tsangayarta ta aikin gona ta daɗe tana fitar da masana ruwa da daji, ita ma jami'ar Diffa da aka kafa a 2014 ta ba muhalli ƙarfi. Wasu kuma su samu bursu su tafi Burkina ko Benin ko Senegal ko Faransa su ƙarasa.

Shawarata guda a nan, ka zaɓi malamin da zai duba maka memwar ɗinka ta masta da idon basira, wanda yake fita daji da gaske kuma yake karanta abin da ka rubuta ya maido maka da jan biro. Ni na taɓa yin wata shida ina jiran a duba mini babi guda, damina ta zo ta wuce ban yi awon da ya kamata ba, shekara sukutum ta tafi a haka, har yau in na tuna sai in ji zafi. Kada ka bari ya same ka.

In na samu doktora shi kenan na zama farfesa?

Ina, da sauran tafiya. Da farko sai an buɗe gurbi an ɗauke ka a matsayin mataimaki, kafin nan da yawa suna farawa da koyarwar awa-awa, a biya ka gwargwadon abin da ka koyar. Hawa matsayi kuma ba shugaban jami'a ke ba ka don yana sonka ba, takardunka ake aikawa hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma mazauninta ke Wagadugu, malamai na ƙasashe daban-daban su zauna su duba binciken da ka wallafa da ɗaliban da ka yaye. Daga mataimaki akwai matakai biyu a tsakani kafin a ce maka cikakken farfesa, kowane da shekarunsa da yawan rubutun da ake nema. Kuma ka koyi Ingilishi tun yanzu ban da Faransanci, don yawancin manyan mujallun kimiyya da shi suke fita.

Amma Yaya mu da ba mu da dajin kirki, ba gara mutum ya je ƙasar da ke da kurmi ba?

Nan ne nake so ku saurare ni da kyau. Mutane daga Turai da Amurka da Habasha jirgi suke hawa su zo su ga abin da ke gonakin Aguié da Tessaoua da Mayahi, mu kuma muna wucewa ta gabansa a kan moto ba mu ko waiwaya ba. Bayan farin 1973 da yunwar 1984 ƙasar nan ta yi tsirara, iska na binne shuka da rairayi sai an sake shuka sau biyu sau uku, furoje-furoje sun dasa itatuwa ba adadi yawancinsu sun mutu. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo da ke aiki nan Maradi ya lura cewa ƴan kumbun da ake sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa, in ka zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ka rage sauran ka kare su sai su tashi da sauri don saiwar ta riga ta yi nisa. Manoma suka karɓa suka gyara shi yadda ya dace da gonarsu, shi ne muke ce ma sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a Nijar, akasari a jihohin Maradi da Damagaram, shi kuma Rinaudo ya samu kyautar Right Livelihood a 2018, gwamnati ma ta fitar da doka ta musamman a kan wannan aikin a 2020.

Wata rana na fita da ɗalibai wani ƙauye a hanyar Aguié, muna awo a gonar wani dattijo, wani yaro ya rubuta kalgo guda biyu a takardarsa. Dattijon ya leƙo ya ce ɗana guda ne, ya sa hauya ya tone rairayin tsakaninsu kamar taki ɗaya sai ga saiwa ɗaya ta haɗa su, baƙa mai kauri kamar damtse. Ya ce tun zamanin mahaifinsa kututturen nan yake, shekara nawa ana sare shi bai mutu ba. Na ce ma ɗaliban kowa ya rufe littafi, muka zauna ƙarƙashin gawo muka yi awa guda Baba na yi mana bayanin wanne ake bari kusa da hatsi wanne ke cinye shi, me ya sa gero ya fi kyau a gindin gawo tun da shi da damina yake zubar da ganye ya bar rana ta shiga. Duk abin da ya faɗa akwai shi a littafi da sunan kimiyya, amma shi da idonsa ya gani shekara hamsin. Malamin da zai koyar da daji a ƙasar nan in bai iya durƙusawa ya gaida irin wannan dattijon ya tambaye shi da Hausa ba, to wallahi rabin ilimin ya wuce shi ko da doktora nawa gare shi.

Ga kuma dajin Baban Rafi a Madarounfa, ga goriba a Gulbin Kaba da mata ke rayuwa da kabarta, ga gandun Gadabeji a wajen Dakoro da aka keɓe tun 1955, UNESCO ta sa shi cikin jerinta na wuraren kare halittu a 2017, a 2018 aka kai masa raƙuman dawa 8 daga yankin Kouré. Kowane ɗaya a cikinsu ya ishi mutum binciken rayuwarsa.

Akwai kuɗi a ciki?

Akwai rufin asiri in an ɗauke ka dindindin, albashin malamin jami'a ba abin rainawa ba ne a ƙasar nan. Amma shekarun da ke kafin nan masu wuya ne, abokanka da suka shiga kasuwa za su yi gida su yi aure kai kana bin bursu. Wanda ke son kuɗi da wuri gaskiya ya nemi wata hanyar.

Ni mace ce, Yaya, za a bar ni in yi ta yawo a daji?

Ƙanwata ki yi, muna buƙatarku ƙwarai. Wa ke ɗebo iccen girki, wa ke tsinkar ganyen kuka da zogale, wa ke fasa aduwa ta fitar da mai, wa ya san wane icce ne ya yi wuya a shekarun nan? Mata ne, kuma akwai maganar da ba za su faɗa ma namiji baƙo ba amma ke za su shigar da ke har ɗaki su faɗa miki. Fita daji da ƙungiya ake yi ba ke kaɗai ba. Ki zaunar da su Baba tun yanzu ki yi musu bayani, in da hali ki kai su su ga wata malama da ke aikin.

Wani uba ya ce mini, Malam in yaron ya gama bai samu gurbin koyarwa ba fa?

Alhaji gurbin kaɗan ne, ba zan ɓoye maka ba. Amma karatun ba ya faɗuwa ƙasa, akwai cibiyar binciken noma ta INRAN da ke da reshe nan Tarna, akwai cibiyar AGRHYMET mai binciken yanayi da ruwa da noma a Yamai, akwai ma'aikatar muhalli, akwai aikin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ga ƙungiyoyi masu neman wanda ya iya awo da taswira. Da yawa daga can suke dawowa aji, kuma sun fi iya koyarwa don sun sha rana.

To yanzu kafin a koma makaranta me zan fara?

Sayi kaye guda mai kauri. Ka bi kakanka ko kawunka gona, duk iccen da kuka wuce ka tambayi sunansa ka rubuta, me ake yi da shi, dabba na cinsa ko ba ta ci, yaushe yake fure, da can yana da yawa ko yanzu ya fi. Ka tambaye shi waɗanda ya sani yana yaro da yanzu babu su, ka ji ko zai ambaci ƙirya ko marke ko ɗanya. Ka tsinko ganye ɗaya-ɗaya ka matse a tsakanin shafuka. In ka cika itatuwa talatin ka kawo mini kayen, ni zan rubuta maka sunayensu na kimiyya a gefe.