Jin zafi wajen saduwa ba "haka mata suke" bane

An daɗe ana faɗa a Damagaram wai mace in tana jin zafi wajen saduwa ko sha'awarta ta ragu, sai haƙuri ko kayan mata. Ba haka bane, sau da yawa akwai dalili, shayarwa da ɗaukewar haila na rage istirojin, sinadarin jiki mai sa gaban mace danshi, sai gaba ya bushe, ga ciwon sanyi, ga suga, har wasu magunguna. Masu binciken magani ma sun yi sakaci gaskiya, Viagra ta maza ta fito 1998 a Amurka, na sha'awar mata sai 2015. Ki lura yaushe ya fara, bayan haihuwa ko bayan wani magani, ki gaya wa ungozoma a asibiti ta duba ki, kar ki cusa komai. Don Allah ku tura wa 'yan'uwa.