Waiwaye: Saje John Basilone, sojan da ya ƙi zaman gida

A watan Nuwamban 2024 rundunar sojin ruwan Amurka ta shigar da sabon jirgin yaƙi aiki, mai suna USS John Basilone. Shi ne na biyu da ya ci sunan, na farkon tun 1949.

An haifi mai sunan a 1916, ya tashi a garin Raritan na jihar New Jersey, ɗa na shida cikin 'ya'ya goma na wani tela da ya zo daga Italiya. Ya yi aikin soja a Filifin, inda ya shahara a dambe har aka laƙaba masa "Manila John". A 1940 ya shiga rundunar sojan kundumbala ta Amurka, wato Marines.

Daren 24 ga Oktoban 1942 ne ya fito da shi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne. A tsibirin Guadalcanal da ke tekun Fasifik, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sojojin Japan wajen 3,000 suka auka wa masu tsaron filin jirgin sama na Henderson. Basilone ke riƙe da manyan bindigogi masu aman wuta, mutanensa kuwa suka yi ta faɗuwa har saura biyu. Ya ciccibo wata bindigar ya kafa, ya gyara wadda ta cije cikin duhu, da harsasai suka ƙare ya ratsa ta cikin abokan gaba ya ɗebo wasu. Wannan ya jawo masa Medal of Honor, lambar yabon da babu sama da ita a sojan Amurka.

Daga nan aka mayar da shi gida, ana zagaya gari-gari da shi don tara kuɗin yaƙi. An yi masa tayin zama hafsa, ya ƙi. Ni dai nan ne labarinsa ya fi taɓa ni: babu mai ganin laifinsa da ya zauna, amma ya yi ta naci sai an mayar da shi cikin 'yan uwansa.

Ranar 19 ga Fabrairun 1945, ranar farko ta yaƙin tsibirin Iwo Jima na Japan, ya tarwatsa wata maɓoyar Japanawa, ya fitar da wata tankar yaƙi daga cikin nakiyoyi, sannan aka kashe shi yana da shekara 28. An ƙara masa lambar Navy Cross bayan rasuwarsa, kabarinsa yana maƙabartar sojoji ta Arlington.

Matarsa Lena Riggi, ita ma saje ce a rundunar kundumbalar, wata bakwai kacal suka yi da aure. Ba ta sake aure ba har ta rasu a 1999.