Sulken gwarazan finafinai

Sulken gwarazan finafinai shi ne tufafin da jarumai masu ƙarfin ban al'ajabi, irin su Batman da Iron Man da Black Panther, ke sanyawa a finafinan Amurka, musamman waɗanda aka yi wa siffar kayan kare jiki a fagen fama. A cikin labari ana cewa tufafin suna tare harsashi da wuƙa da wuta. A wurin ɗaukar fim kuwa yawancinsu roba ce da yadi da fata, wani lokaci ma zanen kwamfuta ne kawai. Masu tsara su na fama da matsalar da maƙera da mayaƙa suka daɗe da sani: duk abin da ya ƙara kariya yana ƙara nauyi da zafi, yana kuma rage wa mai shi sakewa.

Sulke kafin zuwan fim

A Hausa, sulke riga ce da ake saƙawa da ƙananan zobban ƙarfe. Al'ada ta danganta asalin sana'ar ga Annabi Dauda, wanda Alƙur'ani ya ambata a Suratu Saba'i cewa an tausasa masa ƙarfe aka umarce shi da yin sulke cikakku tare da daidaita saƙarsu. Daga baya kalmar ta faɗaɗa, har yau 'yan jarida ke kiran rigar da soja ko ɗan sanda ke sawa don kare harsashi da rigar sulke.

Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci ya ce Sarki Kanajeji, wanda ake kyautata zaton ya yi mulki tsakanin 1390 da 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙin Hausa. Yawancin sulken ba a gida ake ƙera su ba, fatake ne ke shigo da su ta hamada daga Masar da Arewacin Afirka, don haka tsadarsu ta sa sai sarakuna da manyan barade ke da su. Lifidi kuwa aikin gida ne: yadi ne mai kauri da ake cusa wa audugar rimi a ɗinke shi layi-layi, a lulluɓe doki da mahayinsa.

Kowanne da aikinsa. Sulke yana hana kaifin takobi yanka fata, amma ba ya hana nauyin saran karya ƙashi, shi ya sa ake sa shi a kan riga mai kauri. Lifidi yana shanye duka, yana kuma tare kibiya kafin ta kai ga nama, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da ake shafa wa kibau dafi. Aibinsa nauyi da zafi. Dokin lifidi ba ya dogon gudu, mahayin da ya faɗo da ƙyar yake tashi sai an taimake shi, kuma abokan gaba sun gane cewa audugar rimi na saurin kama wuta, sai su harbo kibiya mai wuta.

Rundunonin Malam Yakubu na Bauchi da Buba Yero na Gombe, waɗanda suka karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a farkon ƙarni na 19, sun yi yaƙi a zamanin da waɗannan kaya ke da daraja. Zuwan bindiga mai ruwan harsashi ya rufe wannan babi. A yaƙin Burmi, a ƙasar Gombe ta yau, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a watan Yulin 1903, babu sulke ko lifidin da zai iya tsayawa gaban makaman sojojin Ingila. Abin da ya rage shi ne 'yan lifidi da 'yan sulke na hawan Sallah, inda kayan suka koma na kwalliya da nuna martabar sarauta.

A Turai an bi wata hanyar, ta faifan ƙarfe da ke rufe jiki duka, wadda ta kai ƙololuwa a wajajen ƙarni na 15. Cikakken irin wannan sulke kan kai kilo 20 zuwa 25, amma da yake nauyin ya bazu a dukkan gaɓoɓi, mai shi na iya hawa doki da gudu. Tun kafin nan, Girkawa da Rumawa sun ƙera sulken ƙirji mai siffar tsokar namiji ƙaƙƙarfa, har da cibiya. Wannan siffa ce finafinai suka farfaɗo da ita bayan shekaru fiye da dubu biyu.

Daga takarda zuwa majigi

Gwarazan farko ba su da sulke. Superman, wanda Jerry Siegel da Joe Shuster suka fito da shi a mujallar labarin zane a 1938, yana sanye ne da matsattsun kaya irin na 'yan wasan nuna ƙarfi na wancan lokaci, da gajeren wando a sama da alkyabba a baya. Ba ya bukatar kariya tunda jikinsa ne ba ya jin ƙarfe, kamar dai yadda 'yan tauri ke iƙirari a nan gida. Ga mai zane kuma matsattsun kaya sun fi sauƙi, sai ya zana jikin mutum ya shafa masa launi.

Batman ya biyo baya a 1939, shi ma da yadi duk da cewa mutum ne kamar kowa. Captain America, wanda ya fito a farkon shekarun 1940, shi ne ya zo da riga mai kama da sulke a ƙirji da kafaɗu, ga kuma garkuwa. Iron Man na 1963 ya juya lamarin gaba ɗaya, domin ƙarfinsa duka a cikin rigar ƙarfensa yake.

Finafinan farko sun kwaikwayi zanen yadda yake. Adam West a shirin talabijin na Batman na 1966 da Christopher Reeve a fim ɗin Superman na 1978 duk yadi mai talewa suka sa.

Roba, fata da kwamfuta

Canjin ya zo a 1989, a fim ɗin Batman na Tim Burton. Jarumin, Michael Keaton, ba ƙato ba ne, sai mai tsara tufafi Bob Ringwood ya yi masa baƙar riga ta soson roba da aka zuba a mazubi, da tsokar ƙirji da ta ciki a sassaƙe. A cikin labarin an nuna ta a matsayin sulke mai tare harsashi. Hular kai a haɗe take da wuya da kafaɗu, don haka Keaton ba ya iya waiwaye sai ya juya jikinsa duka. 'Yan kallo sun ɗauki wannan a matsayin kwarjini, alhali dole ce ta sa.

An ci gaba da wannan salo har ya wuce gona da iri a finafinan 1995 da 1997 na Joel Schumacher, inda aka sassaƙa wa rigar har da kan nono, abin da aka daɗe ana yi wa dariya. Fim ɗin X-Men na 2000 ya guje wa launuka masu ihu ya sa jarumansa cikin baƙar fata.

A The Dark Knight na 2008, mai tsara tufafi Lindy Hemming ta raba rigar Batman zuwa faifai daban-daban a kan yadi mai raga, ta kuma raba hula da wuya kamar kwalkwalin mai babur. Labarin ma ya amsa gaskiyar lamarin, domin an gargaɗi jarumin cewa gibin da ke tsakanin faifan zai ba shi saurin motsi amma zai buɗe wa wuƙa da harsashi ƙofa. A wannan shekarar ne aka yi Iron Man, inda masana'antar Stan Winston ta ƙera rigar da za a iya sawa. A finafinan da suka biyo baya, sashe kaɗan jarumin ke sawa, kwamfuta ta cika sauran. Green Lantern na 2011 ya yi rigar duka da kwamfuta, bai kuwa samu karɓuwa ba.

Black Panther na 2018 ya waiwayi Afirka. Ruth E. Carter ta ɗauko jan launi da duwatsun ado na Masai, da zobban wuya na matan Ndebele, da bargunan Basotho, ta haɗa su da kayan yaƙin mutanen Wakanda, ƙirƙirarriyar ƙasar Afirka da labarin ya gudana a cikinta. Ta ci kyautar Oscar ta tsara tufafi a 2019, ta sake ci a 2023. Ƙarfen vibranium da aka ce an saƙa rigar Black Panther, sarkin Wakanda, da shi ƙirƙirarre ne, babu shi a duniya.

Gwaji da gaskiya

Rigar sulken zamani ta dogara ne ga zaren Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont a 1965. Ana jera shi ninki-ninki ya kama harsashin ƙaramar bindiga kamar yadda raga ke kama ƙwallo. Harsashin babbar bindiga irin AK-47 yana ratsa shi, sai an ƙara faifan tangaran ko na ƙarfe a ƙirji da baya, wanda ke da kauri da nauyi kuma ba ya lanƙwasa. Ko rigar ta tare harsashin, mai ita na iya tashi da karyayyen haƙarƙari. Siririyar rigar da ke manne da jiki ta kuma tare ruwan harsashi, kamar yadda ake gani a fim, babu masaƙar da ta taɓa fitar da ita.

Rigar Iron Man ta fi kowacce nisa da gaskiya, kuma matsalar ba ta ƙarfen ba ce. Mutumin da ya faɗo daga sama ya daki ƙasa, ko da rigar ba ta lotsa ba, ƙwaƙwalwarsa za ta bugi ƙoƙon kai, kayan cikinsa su girgiza. Abin da ke ceton rai a irin wannan hali shi ne abu mai laushi da kauri da zai rage ƙarfin bugun a hankali, wato aikin da audugar rimi ke yi a lifidi da wanda soso ke yi a cikin hular kwano. Masu fim ba sa son kauri domin yana ɓoye surar jarumi.

Alkyabba na ba wa abokin gaba abin kamawa, tana kuma iya sarƙewa a ƙofa ko inji. Hular da ta bar baki da haɓa a buɗe ta bar wurin da naushi ya fi illa, amma ta nan ɗan kallo ke gane jarumi. Zafi ma matsala ce: 'yan wasa da dama sun koka da gumi cikin roba, har akan sa musu bututun ruwan sanyi a ƙarƙashin riga. Wanda ya san ranar Gombe a watan Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, zai iya ƙiyasta minti nawa mutum zai yi a ciki.

Saɓani

Ana jayayya kan sulken jarumai mata. Masu suka na cewa barin cinya da kafaɗu a buɗe da takalmi mai tsini ba shirin yaƙi ba ne, kuma faifan da aka sassaƙa da siffar ƙirjin mace zai tura sara zuwa tsakiyar ƙirji maimakon ya kautar da shi. Masu kare salon na cewa na maza ma don ido aka yi su. Akwai kuma masu ganin cewa mayar da kowane gwarzo mai sulke ya sa duk sun koma kama ɗaya.

A Bauchi da Gombe

Finafinan na isa ga jama'a ta tauraron ɗan'adam da shagunan tura finafinai a waya, wasunsu da fassarar Hausa. Rigunan yara masu hoton Spider-Man da Batman kan cika kasuwanni irin su Wunti idan Sallah ta gabato, kuma da su wasu yaran ke zuwa ƙofar fada kallon 'yan lifidi.